Kimiyyar alli ta ishe mu haka

Daga Magarya har Dungas, hujja ɗaya ce a bakin malaman kimiyyar sinadarai: babu ɗakin gwaje-gwaje. Da ita ake rufe bakin iyaye, a kanta kuma yaro ke gama lise bai taɓa tace ko ruwan tabki da hannunsa ba. Rabin hujjar nan kawai na karɓa.

Gaskiya ne akwai aikin da ba na aji ba ne. Ɗauki sinadarin da Bafaranshe Victor Grignard ya gano a Liyon a 1900, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1912. Ana ɗaura ƙarfen magneziyam ne a jikin kabon, cikin wani ruwa mai suna eta. Kwalabe sai an gasa su sun bushe ƙarau, don ɗigon ruwa ɗaya ko danshin iska yana kashe haɗin, shi kuwa eta ƙyas kaɗan yake jira ya kama wuta. Wannan a bar wa Jami'ar André Salifou ta Damagaram, babu mai gardama.

To amma me ake so hannun ɗalibi ya iya kafin ya kai can? Tacewa, tsarkakewa, rarrabewa, da gane abin da ya samu. Wanne ne a ciki ke jiran gini daga Yamai? Gishiri mai ƙasa a narka shi a ruwan zafi, a tace, a bar ruwan ya ƙafe, ga farin gishiri. A ɗiga baƙar tawadar alƙalamin zane a takardar tacewa, a tsoma bakinta a ruwa, yara su ga launukan da ke ɓoye suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan zoɓo ma awo ne: lemun tsami ya ƙara masa ja, kanwa ta juya shi ya yi kore. Da buta, tiyo da ruwan sanyi, tururi zai koma ruwa ya bar gishiri a baya. Dabarar ke nan da matatar Soraz, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana, ke raba fetur da gazuwal. Ɗan jihar da matatar take ya haddace zanenta, bai taɓa ganin ɗigo ɗaya ya sauko ba!

Mun san inda gizo ke saƙa. Jarrabawar bak a takarda ake yin ta, shi ya sa malam ke tseren gama manhaja, gwaji ya zama ɓata lokaci a idonsa. Ajin ya cika maƙil, albashi bai taka kara ya karya ba, duk mun ji. Sai dai zoɓo da kanwa ba su kai jaka guda ba.

Ku ma iyaye ba ku fita ba. A taron kwamitin makaranta ana kashe awa biyu kan kuɗin biki da rufin zana. Zama na gaba, wani ya miƙe ya tambayi shugaban makaranta gwaji nawa ƴan ajin ƙarshe suka yi da hannunsu tun Oktoba, a kuma rubuta amsar cikin rahoton taro.