Ra'ayinmu: Ba yawan ƙwayoyin furosesa ne ke sa kwamfutar gida sauri ba

Duk lokacin da makarantu suka koma, iyaye a Tudun Wadar Zariya kan shiga neman laftof saboda 'ya'yansu da ke karatu a Kongo ko kwalejin Nuhu Bamalli, ko masu shirin JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Akasari 'yar gwanjo ake saye, kuma maganar mai shago ba ta wuce guda: wannan "i7" ce, ƙwayoyinta sun fi yawa, sai a ƙara kuɗi.

Ƙwaya a nan tana nufin sashen furosesa da ke iya yin lissafi shi kaɗai. A da ƙwaya ɗaya ce ake ta ƙara wa gudu, har zafi da cin wuta suka tsayar da kamfanoni. Shi ya sa a 2005 Intel da AMD suka fito da masu ƙwaya biyu don kwamfutocin gida.

To, akwai amfani? Akwai, amma yana da iyaka. Ɗauki shagon tela ana gab da Sallah. In kaya sun taru, teloli huɗu za su fi ɗaya gamawa da wuri. Amma in riga ɗaya ce, dole a yanka kafin a ɗinka, a ɗinka kafin a goge, sauran ukun zama za su yi. Wannan shi ne abin da masani Gene Amdahl ya nuna tun 1967: sashen aikin da ba ya rabuwa shi ke ƙayyade saurin duka. Buga takarda a Word, karanta littafi, cike fom a intanet, duk riga ɗaya ce. Mai tace bidiyon biki ko ɗalibin zanen gine-gine, shi ne mai tarin kaya, kuma shi ya cancanci biyan kuɗin ƙwaya shida ko takwas.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake sayar da suna. Furosesar laftof Core i7-7500U ƙwaya biyu gare ta. Core i5-8250U, wadda ta biyo bayanta, huɗu gare ta. Ke nan mutum zai iya ƙara kuɗi don "i7" ya koma gida da abin da bai kai "i5" ba. Lambar da ke bayan sunan ita ke nuna zamanin furosesa, kuma yanzu batun ya yi nauyi: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, yayin da Windows 11 a hukumance take neman furosesar Intel ta zamani na takwas zuwa sama. Tsohuwar "i7" mai tsada za ta iya tsayawa ba sabuntawar tsaro.

Ko wayar da ke hannunka haka take. Ana rubuta ƙwaya takwas a kwali, amma a wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa biyu ne manya, ko ma babu babba, sauran ƙanana ne na tattalin batir.

A ganinmu, ga gidan da bukatarsa ba ta wuce karatu da intanet ba, ƙwaya huɗu ta wadatar. Ragowar kuɗin a sa shi inda za a ji bambanci: RAM mai gigabait 8, da SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, wanda shi ne ke sa a kunna kwamfuta a je a yi alwala a dawo ba ta gama buɗewa ba. Sai batir. A unguwar da wutar NEPA ke zuwa yadda ta ga dama, laftof mai ƙarfi da ke mutuwa cikin minti 40 ba ta da amfani ga ɗalibi da dare.

Kafin a miƙa kuɗi, a sa mai shago ya kunna ta, a buɗe Task Manager, a duba cikakken sunan furosesa da adadin ƙwayoyinta. Wanda ya ƙi, a matsa shago na gaba.