Gargaɗi a Kan Gidan Gado da Ba a Raba Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga 'yan'uwa Musulmi na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, birni da ƙauye, maza da mata.

Ku sani, wata cuta ta yaɗu a cikinmu, muna kiranta zumunci, alhali kuwa ita ke kashe zumunci. Mutum ya rasu ya bar gida, a yi zaman makoki, a watse, ba mai ta da zancen rabo. Babban wa ya shige turakar uba, ya riƙe zaure da rumbu, ya ce gidan na kowa ne. To, gidan kowa ba mai yaɓe shi. Damina ta zo katanga ta zube, azara ta ruɓe, kowa yana jiran wani. In kuwa ɗaya ya buga kwano da kuɗinsa, gobe sai ya ce ɗakin ya zama nasa. Daga nan sai gaba, sai ƙara gaban alƙali, har 'ya'yan ciki ɗaya su daina gaisawa ran Salla.

Abin mamaki, mutanen nan ba su jahilci lissafi ba. Mai rake a Maƙarfi ko Kudan ya san adadin damin da ya ɗora a mota. Mai tumatir a Ikara ba ya kuskuren kwando ɗaya. Sai an zo ga haƙƙin ƙanwa a gidan ubanta, sannan lissafi ya ɓace!

Allah Maɗaukakin Sarki bai bar rabon gado ga son ran kowa ba. Shi da kansa ya yanka shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya. Ga misali. Mutum ya bar mata 1, 'ya'ya maza 2, mata 3, ba uba ba uwa. A kasa gidan kashi 8: matar ta ɗauki 1, kowane namiji 2, kowace mace 1. Ina wahala a nan? Wahalar tana zuwa ne da jinkiri. In aka shekara 20 ba a raba ba, magada suka mutu suka bar nasu magadan, sai rabo ya hau kan rabo, mutum 6 su zama 40, cikinsu har da marayu. Aya ta 10 ta wannan sura kuwa ta yi wa mai cin dukiyar maraya alkawarin wuta.

Ya kai babban wa, mun ji hujjarka. Ka ce kai ne makwafin uba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya lissafa wannan cikin miyagun al'adun da ya yaƙa, watau babba ya haɗiye gado duka da sunan riƙo. Riƙon amana yana da rana da shaidu, naka kuwa ba ranar sauka.

Ka ce mace tana gidan miji, me za ta yi da ɗaki? An taɓa gwada wannan. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gida da gona, aka zauna a kan haka har 1954, Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin. Abin da hukuncin sarki bai dawwamar ba, kai ne za ka raya shi a zaurenka? Ran da aka sake ta, ko mijin ya mutu, ina za ta nufa da 'ya'yanta? Shirunta kunya ce, kunya kuwa ba kyauta ba ce.

Ka ce abin kunya ne a sayar da gidan uba. Shari'a ta riga ta buɗe ƙofofi. In gida yana rabuwa ba tare da ɓarna ba, a raba, ko da yardar juna ko da ƙuri'a. In ba ya rabuwa, a kira masana su yi masa ƙima, mai hali ya biya sauran. In wani ya sayar da kasonsa ga bare tun ba a raba ba, abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, su karɓe shi a kan kuɗin da aka saya, amma wanda yake nan ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. In ɗaya ya nemi a sayar da abin da ba ya rabuwa, alƙali yana tilasta wanda ya ƙi. Mafi yawan wannan yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda almajirai ke karantawa a zaurukanmu. In kuma kuna son zama tare, madalla, amma kowa ya san kasonsa tukuna, a rubuta, a sa shaidu.

Ya ku limamai, da dagatai, da masu unguwanni, ku ake kira ran jana'iza. Kada ku tashi da cewa a yi haƙuri kawai. Ku sa ranar rabo, ku aika wa mata da na nesa, ku naɗa wa maraya wasiyyi. In ya gagara, kotun shari'a tana nan, zuwa gare ta ba yanke zumunci ba ne. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma isar da ita cikin gida ga mata. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Amin. Haza wassalamu.