A Koya Mana Adana Tsofaffin Takardu Kafin Gara Ta Riga Mu

Duk wanda ya taso a Fagge ya san abin da gobara ke yi wa kasuwa. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari, Singa ma ta sha nata rabon ba sau ɗaya ba. Idan wuta ta mutu, lissafin da ake yi na buhunan sukari ne da katan-katan na madara da taliya. Ba mai lissafa kundin bashi, da rasit na zamanin fam da sule, da wasiƙun ajami da kakanninmu suka riƙa aika wa abokan cinikinsu a Agadas ko Kumasi. Alhali ana iya sake saro kaya, ba a iya sake saro wasiƙa.

Ra'ayinmu a wannan kulob shi ne, ya kamata ɗakin karatu na Jami'ar Bayero ya buɗe ƙofa lokacin dogon hutu, ya koya wa ɗaliban sakandare yadda ake ɗaukar hoton tsofaffin takardu a adana su a kwamfuta. Jami'ar tana da sashen koyar da aikin laburare, tana da masana, ga Gidan Mambayya a ƙarƙashinta. Mu kuma muna da abin da ba ta da shi: mun san akwatin da ke ƙarƙashin gadon kaka, kuma za a bar mu mu buɗe shi.

Wani zai ce, ai kowa na da waya, mene ne abin koyo? Ɗaukar hoton shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi ma yana da ƙa'ida: hannu a wanke a bushe, takarda a shimfiɗe, ban da hasken filashi, ban da tilasta wa shafin da ya manne. Wahalar tana bayan nan. Dole kowane hoto ya sami suna da lamba, a rubuta wanda ya rubuta takardar, yaushe, a ina, a hannun wa take yanzu, sannan a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Hoto dubu a waya babu bayani daidai yake da tulin takardun mai ƙosai. Kuma kafin ka rubuta bayanin sai ka iya karanta takardar. A nan ne da yawanmu muka yi sa'a, domin wanda ya yi makarantar allo ba ya jin tsoron ajami, sai dai a ƙara masa horo kan rubutun hannun mutanen da.

Malam Umar Falke malami ne kuma ɗan kasuwa a nan Kano, ya rasu a 1962. Littattafansa da takardunsa yau suna ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a Amurka. Ba mu ga laifin waɗanda suka adana ba, don wataƙila da gara ce ta gaje su. Amma Falke nawa ne takardunsu ke jibge a zauruka tsakanin Fagge da Kurmi, damina na jiƙa su, ba wanda ya san da su? A Timbuktu, cikin Janairun 2013, 'yan bindiga sun ƙona rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawa sun tsira ne saboda mutanen gari sun kwashe su a akwatuna zuwa Bamako, daga baya aka ɗauki hotunansu, har Google ya sa dubban shafuka a intanet a 2022.

Malamanmu za su iya cewa yara za su yaga abin da ba a maye gurbinsa. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a miƙa mana kundin shekara ɗari biyu ranar farko ba. A fara da namu: tsohuwar rijistar makaranta, hotunan 'yan ajin ƙarshe na shekarun baya, da mujallun bangon nan da ake yagewa duk ƙarshen zango. Sannan a koya mana neman izini. Kundin bashi yana ɗauke da sunayen mutane da sirrinsu, mai shi ne kaɗai zai ce a ɗauka ko a bari, a nuna wa duniya ko a ɓoye.

Muna roƙon shugaban makaranta ya rubuta wa jami'ar takarda kafin a fara jarrabawa. Mai sha'awa, musamman wanda ya iya ajami, ya ba sakataren kulob sunansa ranar Laraba bayan an tashi.