Ƙuri'ar Togo a kan Falasɗinu: da sunan wa ake kaɗa ta?

Ranar Alhamis da ta wuce, ana dab da tashi daga lakwal, wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai da gaske ne ƙasarmu tana bayan Isra'ila?" 'Yar shekara 13 ce, a wayar yayanta ta ji maganar. Ajin nawa rabi 'ya'yan Zongo ne, rabi 'ya'yan maƙwabtanmu Ewe da Kabiye, galibinsu Kiristoci. Duka suka zuba mini ido. Na ce mata wannan ba ya cikin darasin yau, kowa ya tattara littattafansa. Tun ranar abin yake cina a rai, domin na san amsar, gudu kawai na yi.

Amsar tana rubuce a Majalisar Ɗinkin Duniya, duk mai so zai iya dubawa. A watan Nuwamban 2012, da aka kaɗa ƙuri'ar ba Falasɗinu kujerar ƙasa 'yar kallo, Togo ta yi rowar ƙuri'arta. Ranar 21 ga Disamban 2017, bayan Donald Trump ya ce Birnin Ƙudus ne babban birnin Isra'ila, ƙasashe 128 suka yi watsi da matakin, 35 suka ƙaurace, 9 suka tsaya tare da Amurka da Isra'ila. A cikin taran nan Togo ce kaɗai daga Afirka. Sauran su ne Amurka da Isra'ila kansu, da Guatemala da Honduras, sai wasu ƙananan tsibirai huɗu na tekun Fasifik. Ranar 12 ga Disamban 2023, ana tsakiyar luguden wuta a Gaza, ƙasashe 153 suka nemi a tsagaita wuta. Togo ta sake ƙauracewa.

Abin da ya sa wannan ke ɗaure kai shi ne, a takarda ƙasarmu ta daɗe da ɗaukar wata matsaya dabam. A 1973 marigayi Eyadéma ya yanke hulɗa da Isra'ila kamar yadda yawancin ƙasashen Afirka suka yi a shekarar, ya mayar da ita a 1987, sannan a 1988 Togo ta amince da ƙasar Falasɗinu. Tun 1997 kuma muna cikin ƙungiyar OCI ta ƙasashen Musulmi, ƙungiyar da aka kafa a 1969 saboda gobarar da aka cinna wa Masallacin Ƙudus. Wato mun amince akwai ƙasar Falasɗinu, mun shiga ƙungiyar da aka kafa don Ƙudus, amma ranar ƙuri'a sai hannunmu ya yi nauyi. Saura ƙiris ma Lomé ta karɓi taron ƙoli na Afirka da Isra'ila a watan Oktoban 2017. An ɗage shi a Satumba, lokacin da zanga-zanga ta cika tituna nan da Sokodé, wasu ƙasashen Afirka kuma suna ta cewa ba za su zo ba. Har yau ba a yi shi ba.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da hujja ko kaɗan. Ƙaramar ƙasa ce mu, abokai muke nema ko'ina. Tun da aka kashe mana sojoji 8 a Kpékpakandi a watan Mayun 2022, yankin Savanes bai sake barci da ido biyu ba, kuma wanda gidansa ke cin wuta ba ya tambayar mai kawo ruwa daga wace rijiya ya ɗebo. Isra'ila tana da kayan tsaro, tana da ilimin noman rani, tana da fada a Washington. Duk wannan gaskiya ne. Amma Ghana da Senegal da Najeriya su ma suna hulɗa da Isra'ila, akwai ofishin jakadancinta a Accra da Dakar da Abuja, kuma a wancan Disamba na 2017 duk ukun sun kaɗa ƙuri'arsu tare da sauran duniya. Ba wanda ya rufe ofishinsa ya tafi. Ashe ana iya ciniki da mutum ba tare da an yi masa shaidar zur ba.

Sannan ba kowane kaya da ya fito daga wannan abota ne ya yi mana daɗi ba. A watan Agustan 2020 cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto ta fitar da rahoton cewa an yi ƙoƙarin kutsawa wayoyin wasu 'yan Togo ta WhatsApp da manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila. Cikin waɗanda aka ambata har da Bishop Benoît Alowonou na Kpalimé. Na kawo wannan ne don maƙwabcina Kirista ya ga cewa maganar ba ta Musulmi kaɗai ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da Togo take nema wa kanta a duniya, sunan mai sulhu. Kuma ta cancanci wani abu daga ciki. Shugaba Faure ne ya shiga tsakani har Mali ta saki sojojin Kodibuwa 49 da ta tsare a 2022. A 2025 Tarayyar Afirka ta ɗora masa sasanta rikicin gabashin Kwango. To, duk wanda ya taɓa zama a zauren sarkin Zongo ana raba rigimar fili ya san cewa dattijon da ake kira sulhu, jarinsa ɗaya ne: kowane ɓangare ya yarda ba a saye shi ba. Ranar da aka gan shi kullum a shimfiɗar mai ƙarfi, shi ke nan, ko ya faɗi gaskiya ba mai saurare. In har Togo tana da kunnen Isra'ila kamar yadda ake faɗa, amfanin kunnen shi ne a raɗa masa abin da maƙiyi ba zai iya ba.

Kuma Lomé ta san bambancin sa hannu a takarda da zaman lafiya. A nan garin aka ƙulla yarjejeniyar Saliyo ranar 7 ga Yulin 1999. Aka yafe wa mayaƙa, aka ba Foday Sankoh matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa, aka ɗora shi a kan hukumar da ke kula da lu'ulu'u. Ba a cika shekara ba mutanensa suka kama ɗaruruwan sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 2002. An raba muƙamai, ba a taɓa tushen ciwon ba.

Da wannan idon nake kallon tsagaita wutar da ta fara aiki a Gaza ranar 10 ga Oktoban 2025. Alhamdu lillahi da aka yi ta, uwar da ta kwana ba ta ji ƙarar jirgi ba ta fi ni sanin darajarta. Amma ko bayanta ba a daina binne mutane ba, kuma tushen ciwon yana nan, wato ƙasa. A 1948 Falasɗinawa kimanin 700,000 suka bar gidajensu, ba a bar su sun koma ba. A 1967 Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Gaza. A 1993 aka yi yarjejeniyar Oslo, duniya ta yi ta tafi, bayan shekara biyu wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya harbe Yitzhak Rabin saboda ya sa mata hannu. Yau 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus sun haura 700,000, alhali a zamanin Oslo ba su kai rabin haka ba. A watan Yulin 2024 Kotun Duniya ta ce mamayar ta saɓa wa doka, dole a kawo ƙarshenta. A Satumban 2025 Ingila da Faransa da Kanada da Ostireliya suka amince da ƙasar Falasɗinu, abin da mu muka yi tun 1988. Ana ta amincewa da ƙasa, filin da za a kafa ta a kai kuma yana ta raguwa kamar sabulu a hannun mai wanki.

Ɗaya ɓangaren ma ba zan rufe ido a kansa ba. Rabon Falasɗinawa da zaɓen majalisa tun 2006, Mahmud Abbas yana kan kujera tun 2005, Hamas da Fatah sun raba gari tun 2007. Abin da aka yi ranar 7 ga Oktoban 2023, inda aka kashe mutane kusan 1,200, yawancinsu fararen hula, aka kwashe kimanin 250, har da tsofaffi da yara, ban san malamin da ya karantar da ni da zai halatta shi ba. Faɗin haka bai rage ko ɗigo ɗaya daga jinin mutum sama da 60,000 da ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga ba. Don haka in an tambaye ni ko zaman lafiya ya kusa, gaskiya ban ga alama ba. Abin da na gani shi ne, duk lokacin da aka ɗan matsa gaba, to wani abokin Isra'ila ne ya matsa mata, ba maƙiyinta ba. Shi ya sa ƙuri'ar abokai take da nauyi, ko da ƙanana ne.

Mu 'yan Zongo kuwa ba sai an yi mana dogon bayani a kan tashi daga gida ba. A 1977 aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar Lomé, aka kwaso iyayenmu zuwa nan Agoè, fiye da kilomita 10 daga kasuwar da suke cin abinci. Kakata, Allah ya jiƙanta, har ta rasu in muka bi ta wajen a mota sai ta nuna wani dogon bene ta ce, "Nan ne ɗakin da na haifi babanka." Ba ina daidaita abin da ya same mu da na Falasɗinawa ba ne, Allah ya kiyaye. Mu ba a jefa mana bam ba, an nuna mana wurin zama, muna da katin ɗan ƙasa, muna shiga gari mu fito ba mai tsare mu a shinge. Amma in tashin da ba a zubar da jini ba ya zauna a zuciyar tsohuwa har kabari, sai a auna na wanda aka kora da bindiga, jikokinsa kuma suna sansani har yau.

A nan ne nake ganin muna yin kuskure. Maganar Falasɗinu a Zongo ba ta wuce wurare biyu: alƙunutu a masallaci da bidiyo a WhatsApp. Addu'a kam ba a raina ta. Amma bidiyon, wallahi wasu na yaƙin Siriya ne, wasu ba a san inda aka samo su ba, kuma yara ne suke kallo. A majalisar shayi sai ka ji ana tsine wa Yahudawa kaf, alhali ƙungiyar B'Tselem da ta fi kowa tattara shaidar zaluncin mamaya ta 'yan Isra'ila ce. Mun mayar da abin yaƙin addini, kuma a ƙasar da mu ne marasa rinjaye, duk wanda ya yi haka ya kayar da kansa tun kafin a fara. Mai zemijan ɗin da ke kai ni aiki, Kirista ne na kirki, yana jin "Isra'ila" sai ya tuna wadda ake karanta masa a coci ranar Lahadi. In na zo masa da tsinuwa, ya tafi ke nan. Amma ranar da na gaya masa cewa Baitalami tana Gaɓar Yamma a bayan katanga, cewa 'yar jarida Shireen Abu Akleh da aka harbe a Jenin a 2022 Kirista ce, cewa an kashe mutane a harabar cocin Saint Porphyrius ta Gaza a Oktoban 2023, sai ya rage gudu ya ce bai taɓa ji ba. Laifin wa? Shekara nawa muna zaune tare, ba mu taɓa gaya masa ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, ba kuma na kiran kowa ya hau titi, mun san yadda titi yake ƙarewa a garin nan. Shugabannin Union Musulmane du Togo su nemi taron bishop-bishop na Katolika da shugabannin sauran coci-coci, su rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ma'aikatar harkokin waje. Kada su ce a yanke hulɗa da kowa. Su yi tambaya kawai: tunda Togo ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, wane dalili ne yake sa wakilinmu ƙauracewa ranar da ake neman a daina kashe fararen hula? 'Yan majalisar da suke zuwa Zongo neman ƙuri'a da buhun shinkafa lokacin azumi, su ma a yi musu tambayar a gaban jama'a. Wataƙila akwai amsa mai gamsarwa, to a faɗe ta mu ji, tunda da sunanmu ake ɗaga hannun, mu da Ewe da Kabiye da Tem da Moba.

Ni kuma bashin da ke kaina na aji ne. Ranar Litinin zan shiga da taswira, in rubuta shekarun nan a allo, 1973 da 1987 da 1988 da 2017 da 2023, in gaya wa yarinyar cewa tambayarta tana kan hanya, ni ne na kauce. Na riga na sanar da shugaban makarantarmu, ya ce in yi a hankali, kada wani uba ya zo da ƙara ranar Talata.