Hutun iyali a tsibirin Lamu da haƙƙoƙin da ke rataye da shi

Tsibirin Lamu yana gaɓar Tekun Indiya a arewa maso gabashin Kenya, ba nisa sosai da iyakar Somaliya. Tsohon garinsa ya haura shekara 700 mutane na zaune a ciki, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, a matsayin garin Suwahili mafi daɗewa da ya rage da kamanninsa. An gina gidajensa da dutsen murjani da itacen da ke tsiro cikin ruwan gishiri, wanda mutanen wurin ke kira mikoko. Lungunansa ƙunci gare su, har wani wurin sai mutum ya manne da bango kafin jaki ya wuce da kayansa. Mota ba ta shiga. Jaki da jirgin ruwa da ƙafa su ne abin tafiya, sai babura da suka fara kutsowa bakin ruwa a 'yan shekarun nan, ana ta gardama a kansu. Wannan shirun shi ke jawo magidanta da suka gaji da hayaniyar birni. Abin da sau da yawa ake mantawa wajen shiri shi ne, wurin da baƙo ya kira wurin hutu gidan wasu ne, da rijiyarsu da masallacinsu da maƙabartarsu.

Iska ce ke tsara shekara a Lamu. Daga Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, teku ya kwanta, ruwa ya yi garau, zafi kuma ya yi yawa. Daga wajen Afrilu iskar kusi ta juyo daga kudu, ta zo da ruwan sama mai ƙarfi har zuwa Yuni, teku ya hargitse, wasu masaukai ma su rufe. Ƙarshen Disamba da farkon Janairu su ne lokacin tsada. Akwai kuma makon Maulidi, a ƙarshen watan Rabi'ul Awwal, wanda ake yi a Masallacin Riyadha da Habib Saleh ya kafa, malamin da ya zo daga tsibiran Komoro ya rasu a 1935. Jama'a na zuwa daga ko'ina a gabashin Afirka, a yi karatu da bege, a yi tseren jakuna da na jiragen ruwa. Iyalin da ke son 'ya'yansu su ga wannan sai su kama masauki watanni kafin nan. Wanda kuwa shiru ya kawo shi, ya kauce wa makon. A watan azumi gari kan yi likimo da rana, yawancin masu sayar da abinci ba sa buɗewa sai an sha ruwa.

Daga Najeriya hanya ta Nairobi take bi, kimanin awa 5 a jirgin sama daga Legas, sannan ƙaramin jirgi zuwa filin jirgin da ke tsibirin Manda, daga nan a tsallaka mashigin ruwa cikin 'yan mintuna. Akwai hanyar mota daga Mombasa ta Malindi zuwa Mokowe, inda ake tsallakawa zuwa tsibirin, ta fi araha nesa ba kusa ba. Sai dai ɓangaren tudu na yankin ya sha fama da hare-haren al-Shabaab: an kai wa garin Mpeketoni hari a Yunin 2014, aka kai wa sansanin soja na Manda Bay a Janairun 2020. Tsibirin kansa ya fi kwanciyar hankali, amma magidancin da zai ɗora mata da yara kan doguwar hanyar daji don rarar kuɗin tikiti ya yi cinikin da bai kamata ba. Ana buƙatar katin rigakafin ciwon shawara, kuma gaɓar teku wurin sauro ne, don haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro ba abin sakaci ba ne.

Batun kuɗi gajere ne. Hutun da aka ci bashi aka yi, ko aka taɓa kuɗin makaranta, ko aka tafi alhali hayar gida da albashin mai gadi na jiran biya, wahala ce aka ɗage zuwa wata mai zuwa. Da yawan irin wannan tafiya don hoton da za a ɗora a Instagram ake yin ta, yara kuwa ba su roƙa ba.

Inda shiri ya fi nuna halin maigida shi ne wajen zaɓen masauki. Tsohon gari ya fi arha, ya fi rai, kasuwa da gidan tarihi da sansanin tsaron da aka gina tsakanin 1813 da 1821 duk suna kusa, amma babu bakin teku mai yashi, kuma warin kwata da kashin jaki na nan. Ƙauyen Shela, mai tazarar kimanin kilomita 3, shi ne ke bakin rairayin da ya miƙe wajen kilomita 12 babu gini. Yawancin iyalai gida sukutum suke kamawa a can, kuma bisa al'ada gidan yakan zo da mai dafa abinci. Da safe masunci ya ƙwanƙwasa ƙofa da kifin da ya kamo ko ƙaguwa a kwando, a yi ciniki, mai girki ya tafi kasuwa ya haɗo kwakwa da tsamiya da kayan ƙamshi, da rana a ci shinkafar kwakwa a saman soro ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa. Wasu magidanta kan ce a sallami mai girkin don rage kuɗi, tunda ga uwargida. Ke nan an ɗauko mace daga madafin gidanta, an biya kuɗin jirgi biyu, an ajiye ta a madafin da ba ta san inda wuƙa take ba, ga wankin yara, ga tsaron kada ƙarami ya gangaro daga matakala (matakalan gidajen Lamu tsaye suke, sau da yawa babu abin dafawa). Kowa ya dawo ya yi fes, ita ta dawo a gajiye. Tun kafin a tashi ya kamata a zauna a raba: wa zai riƙe yara da safe, wa zai riƙe su da yamma, wane abinci za a ci a waje. Kuɗin mai girki kuma abincin wani gida ne a Shela.

Ruwan sha shi ne abin da baƙo ya fi ɓarnatarwa bai sani ba. Lamu ba shi da kogi. Ruwansa daga tuddan yashin Shela yake fitowa, inda ruwan sama ke nutsewa ya taru a saman ruwan gishiri. In aka ja fiye da kima, gishiri ya hauro cikin rijiyoyi, kuma korar sa ba abu ne mai sauƙi ba. Mutanen wurin ba labari aka ba su ba. A tsibirin Manda akwai kufan garin Takwa, da masallacinsa da ganuwarsa, wanda mazaunansa suka bari kimanin shekara 300 da suka wuce suka koma Shela, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da rijiyoyin da suka koma gishiri. Ziyarar Takwa rabin wuni ce a jirgin ruwa, sai lokacin da teku ya cika ake iya shiga, kuma yaron da ya ga wurin zai fi gane abin da ya sa ake cewa ya rufe famfo. Gida mai wurin ninƙaya a tsibirin da teku ya kewaye, alhali a unguwannin bayan gari mata na layi da jarkoki, zaɓi ne da ya kamata a yi tunani kafin a yi shi.

Lamu garin Musulmi ne, mata da baƙin lulluɓin da ake kira buibui, maza da farar riga da hula mai aiki. Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai ba: ya ji ana cewa Alhamisi da sabuni da habari, ya ga kowane tsohon gida da ɗan shirayi a ƙofa mai dakali hagu da dama, wanda suke kira daka, inda maigida ke ganawa da baƙi kamar zaure. Mai shiga gida yakan tsaya ya ce hodi, ya jira a ce masa karibu. Wannan kusancin ne ma kan sa wasu sakin jiki fiye da kima. Mutanen gaɓar nan mazhabar Shafi'i suke bi, don haka za a ga bambanci a wasu abubuwa na salla, kuma baƙon kwana biyar ba shi ne zai tsaya gyara wa liman ba. Kayan wanka na bakin ruwa ne, ba na cikin lungu ba. Ɗaukar hoton mace ko na yaran makarantar allo ba tare da izini ba abu ne da mai yin sa ba zai yarda a yi wa iyalinsa a ƙofar gidansa ba.

Teku kuwa ba rafin ƙauye ba ne. Mashigin da ke tsakanin Shela da Manda yana da ja mai ƙarfi idan ruwa na cika ko yana janyewa, kuma yaron da ya iya iyo a kududdufi bai iya wannan ba. Kafin a hau jirgin katako mai tafiya da iska don kallon faɗuwar rana, a tambayi matuƙi rigunan ceto, a ga masu daidai jikin yara da ido, a yanke farashi tun ana tudu. Taya ba laifi ba ne, al'adar wurin ce, amma matuƙin nan yana da yaran jirgi biyu ko uku da zai raba wa, kuma watannin kusi da babu baƙi daga wannan kuɗin zai ci. Haka jakuna. Dubbai ne a tsibirin, su ke ɗaukar yashi da dutse da buhunan kaya, kuma tun 1987 akwai asibitinsu a bakin ruwa inda ake duba su kyauta, yara kan ji daɗin leƙawa. Yaro ya hau jaki ba komai, ƙato mai tumbi ya taka da ƙafarsa.

Saura shara. Tsibiri ba shi da inda zai kai ta, kuma teku na kawo masa ta wasu. Kenya ta haramta jakar leda a 2017, ta kuma hana shiga da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar zuwa gandun daji da bakin teku a 2020, don haka leda ba ta cikin kayan da za a ɗaure daga gida. A Lamu ne maƙeran jirgi suka haɗa wani jirgin ruwa mai suna Flipflopi daga narkakkiyar roba da tsofaffin silifa da aka tsinto a gaɓa, aka tuƙa shi har Zanzibar a farkon 2019. Yawancin gidajen haya na ajiye babbar gorar ruwan sha, iyali kuma na iya zuwa da ƙananan gorunansu su riƙa cikawa daga ita duk lokacin da za su fita.