Wata Shida a Bakin Likita, Mako Shida a Takardar Doka

Duk makon farko na Agusta sai a tara mata a asibitocin Jega da Aliero da Maiyama, a yi musu huɗubar nonon uwa zalla na wata shida, ko ruwa ban da shi. Shawarar daidai ce, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce. Sai dai an yi kuskuren masu sauraro. Masu ɗaukar aiki ya kamata a zaunar a kan bencin nan.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, a kan rabin albashi, shi ma sai ta cika wata shida a bakin aiki. Wato da an yi wankan arba'in, hutu ya ƙare. Daga nan dokar ta yi mata alfarmar rabin awa sau biyu a yini domin shayarwa. Malamar makarantar kuɗi da ke kwana a Jega tana koyarwa a Aliero, ko ma'aikaciyar jinyar da aka tura wani ƙauyen Maiyama, ina rabin awa zai kai ta? Ko tasha ba ta isa ba.

Nono kuwa ba ya jiran a tashi aiki. Gwargwadon tsotso jiki ke samar da shi. In ya yini a cike, sai ya fara ja da baya. A gida ga jariri yana tsala kuka cikin zafin Afrilu, ga kaka da randa a kusa. Wa zai ga laifinta? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, mu kuma muka ɗora abin kan "jahilcin iyaye mata", har da masu digiri.

Legas ta mayar da hutun wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, ba a kuma rufe sakatariya ba. Amma irin wannan sanarwa iyakarta ma'aikatan gwamnati. Malamar makarantar kuɗi da ma'aikaciyar wucin gadi suna nan ƙarƙashin sashe na 54, kuma Majalisar Tarayya ce kaɗai ke da ikon gyara shi. Ɗaki ɗaya na raino a harabar jami'ar Aliero ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega kuwa, sa hannun shugaba ya wadatar.