Ra'ayinmu: Mai Biyan Bashi Kada Ya Karaya

Duk wanda ya san zaman ma'aikatan ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da malaman makarantun firamare na wannan yanki, ya san cewa albashin da yawa daga cikinsu akan gama raba shi tun bai shigo hannu ba. Banki ya yanki nasa, ƙungiyar gama-kai ta ofis ta cire nata, mai kanti yana jira da littafinsa, uwar adashe kuma ta aiko. Abin da ya saura ba ya kai iyali tsakiyar wata, sai a sake komawa ga mai ba da rance. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba mu zo zargin kowa ba. Maganarmu ta yau da mutumin da ya ƙudura niyyar fita daga wannan ƙangi ce, ya fara biya, sa'an nan gwiwarsa ta soma sanyi a tsakiyar hanya.

Babu mai musun cewa zamani ya yi tsanani. Tun daga ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A cikin wannan shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, Gwamnatin Jihar Kebbi kuma ta amince da Naira 75,000. Amma wanda ke jiran ƙarin albashi ko ariyas ya zo ya share masa bashi dare ɗaya, ya tambayi dattawan da suka ga kuɗin Udoji a 1975. An biya ariyas mai kauri, aka yi rububin babura da rediyo da ƙarin aure, farashi ya bi sawu, kafin a ankara mutane da yawa sun koma gidan jiya. Kuɗin da ya faɗo bagatatan ba ya gyara hannun da bai saba da tsimi ba.

Mu a ganinmu, abin da ya fi karya zuciyar mai biyan bashi shi ne rashin ganin inda ya kwana. Mutum ya yi wata huɗu yana ƙuntata wa kansa, amma da yake bai san jimillar abin da ake bin sa ba, sai ya ga kamar yana zuba ruwa a kwando. Maganin wannan yana cikin Alƙur'ani mai girma, domin ayar da ta fi kowace tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi da wa'adinsa, a kuma kafa shaidu. Don haka mai bashi ya sayi ɗan littafi, ya jera sunan kowane mai bin sa, da uwar kuɗin, da ruwan da ke hawa kanta, da ranar biya. Kowane ƙarshen wata ya zauna ya rage abin da ya biya da hannunsa. Ganin lissafi yana sauka, ko da da Naira dubu biyar ne, shi ke ba mutum ƙarfin shiga wata mai zuwa.

Bayan rubutu sai tsari. A ɗauki misalin wanda ya karɓi Naira 100,000 a kan ruwan kashi goma cikin ɗari kowane wata: idan ruwan kaɗai yake biya, a shekara zai ba da Naira 120,000, uwar kuɗin kuwa tana nan ko kwabo ba ta ragu ba. Irin wannan bashi, wanda ga hasara ga kuma haramcin riba, shi ya kamata a fara tunkara da duk rarar da aka samu. Idan kuma akwai wani ƙarami da za a iya kashewa cikin wata ɗaya ko biyu, a kashe shi, domin soke suna guda daga littafi yana faranta rai ƙwarai. Abin da ba ma so a yi shi ne cin sabon bashi don biyan tsoho, musamman daga manhajojin rance na wayar hannu, waɗanda cin zarafin da wasunsu ke yi wa mutane, ta hanyar aika saƙonni ga 'yan'uwa da abokan aiki, ya sa hukumar kare masu sayayya ta Tarayya ta kai musu samame a 2022. Gudu ma ba mafita ba ne, gama tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashinsu daga kowane asusu da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya ƙi biya.

Sai dai tsimin da ya wuce kima ba ya ɗorewa. Magidancin da ya hana iyalinsa nama da sabulu baki ɗaya, ba tare da ya gaya musu dalili ba, gidansa zai rikice, shi kuma ya watsar da shirin. Ya kamata ya zaunar da uwargida, ya nuna mata littafin, su yanke tare abin da za a rage da ranar da ake sa ran gamawa. A sayi hatsi da kaka lokacin da yake da sauƙi, wanda ke da 'yar gona a fadama ya riƙe ta da kyau, a kuma ware wani abu kaɗan saboda rashin lafiya, don kada zazzaɓin yaro ɗaya ya rushe aikin wata shida.

Babban abokin gāban mai tsimi kuwa shi ne tsoron abin da mutane za su ce. Anko, da lefe na gasa, da ragon suna na kece raini, da sabuwar shadda kowace Salla, su ne ke mai da mutum ramin da ya fito. Mutanen ƙasar Gwandu ba su da uzuri a nan, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke cikin garin Gwandu, ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ganin yadda son abin duniya ya shiga zukatan wasu, har mutanen Kano suka tsai da shi. Wanda ya gaji irin wannan tarihi bai kamata ya ji kunyar tsohuwar riga wankakkiya ba. Muna kira ga limamai da masu unguwanni su riƙa yabon wanda ya taƙaita biki, masu bin bashi kuma su tuna cewa addini ya yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci.

Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su ma maganar ta shafe su. Rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ba shi da ruwa, amma ba kyauta ba ne: dokarsa ta tanadi a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Wanda ya kashe shi a kan waya mai tsada ya ci albashin da bai fara karɓa ba.

A ƙarshe, hukuma ma tana da nata rabon. Biyan albashi a kan kari shi ne ginshiƙin duk wani tsari da ma'aikaci zai yi. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a yanki fiye da sulusin albashin wata na ma'aikatan da ta shafa, kuma ya dace ma'ajin kowace ƙaramar hukuma ya ɗauki wannan ma'auni kafin ya sa hannu a takardar rancen kowa. Shi kuwa mai bashi, ya riƙe littafinsa, ya cika alkawarin wannan wata kawai, na gobe ya bar wa gobe. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya warware wa kowa.